Hayaƙi a Jikin Jirgin Baba

Ranar Asabar ce, ana yayyafin nan na London da ba ya jiƙa mutum sai dai ya ɓata masa rai. Mufeeda ta tura ƙofar wani tsohon sito a Deptford da kafaɗa, domin hannayenta biyu suna rungume da wani abu da ta naɗe da zanin atamfa. Ƙofar ta dawo ta buge ta a gwiwar hannu.

"Wayyo Allah!"

"Sannu paa. Ƙofar nan ba ya da kunya."

Ta waiga da sauri. A wurin da tsofaffin Turawa suke taruwa suna sassaƙa ƙananan jiragen ruwa don nishaɗi, Hausa ce abu na ƙarshe da ta zaci za ta ji. Saurayi ne dogo, baƙi, da fenti shuɗi a gefen kunnensa bai sani ba. Ya riƙe mata ƙofar yana murmushi.

"Sunana Mashud. Me ka kawo mana?"

Ta kusa yin dariya. Ɗan Zangon Kumasi ne, ta gane nan take, domin Hausarsu ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "ka" ne. Direban tram ne, jirgin ƙasa na cikin gari, a Croydon, ranar hutunsa kuma nan yake zuwa ya ɓata hannunsa da fenti.

Ta kwance zanin. Jirgi ne mai tsawon hannun mutum, irin na fiton Yauri, siriri mai dogon baki. Katakon tsirara yake, ko shafi ɗaya bai samu ba. A goshinsa an rubuta suna da tawada cikin ajami: Zinatu.

"Babana ya sassaƙa shi," in ji ta. "Irin jirgin mahaifinsa ne. Sunan kuma na mahaifiyarsa. Ya rubuta, bai kai ga fenti ba ciwo ya same shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ina so in gama masa, ya gan shi a kan ruwa."

Murmushin Mashud ya tafi. Ya duƙa ya daɗe yana kallon rubutun, bai taɓa ba.

"Wannan shi ne abin da hannunshi ya rubuta na ƙarshe?"

Ta ɗaga kai. Ba wanda ya taɓa faɗar wannan a gabanta, ko a gida.

Haka aka fara. Aikin ba na mai gaggawa ba ne, Mufeeda kuwa gaggawa a jininta take, ga ta mai haɗa magani a kemis inda kowa ke jira a layi. A goge katakon da samfefa, a share ƙura, a shafa fenti siriri, a jira ya bushe, a sake gogewa. Suka yi wa cikin jirgin ja, gefensa shuɗi, suka bar wurin sunan da launin itacensa. Bayan fenti sai varnish, man nan mai sheƙi da ke hana ruwa shiga katako. Shi ma ba sau ɗaya ake shafa shi ba. A kan rubutun kuwa Mashud bai yarda a sa buroshi da nauyi ba, sai shafi ɗan kaɗan kamar raɓa, don kada tawadar ta narke.

"To yaushe za mu gama?" ta tambaya wata rana.

"Kyaftin, London ba Yauri ba ne. Can rana ya na busar da abu kafin ka sha ruwa. Nan sai ka jira."

"Wa ya naɗa ni Kyaftin?"

"Tun da ka shigo ka na ba ni oda."

Sunan ya bi ta. Ita kuma ta sa masa Malam Zango. Tsofaffin Turawan wurin ba sa jin Hausa, amma sun riga su biyun gane inda aka dosa, suna ta ƙifta wa juna ido. Shafin da ya kamata a yi cikin minti kaɗan sai ya cinye yamma guda, kuma ba wanda ya yi ƙorafi.

Saƙonsa na farko da ya hana ta sukuni a bas ya same ta:

"Kyaftin, na duba Zinatu, ya na bushewa lafiya. Ni ne dai ban da lafiya. Ina so in zo in gaida Baba, ba don jirgi ba."

Ta karanta ya fi a ƙirga kafin ta amsa:

"Malam Zango, ka zo. Amma ka goge fentin kunnenka tukuna."

Ya zo, cikin farin yadi, da ledar dabino. Alhaji Maharazu, mahaifin Mufeeda, yana zaune a kujerarsa ta falo, hannun dama a kan cinya kamar ba nasa ba. Tun da ciwon ya same shi mutanen gidan suka ƙwace masa komai da sunan ƙauna. Kafin ya miƙa hannu an ɗauko masa kofi, kafin ya gama jimla an ƙarasa masa. Ya amsa gaisuwar Mashud, ya tambayi garinsu, ya tambayi iyayensa, daga nan ya mai da idonsa kan talabijin. Haka ya zauna har baƙon ya tafi.

"A'a," ya ce, da Mufeeda ta dawo daga rakiya. Maganarsa tana ja tun bayan ciwon, amma wannan ta fito sarai.

"Baba, me ya yi?"

"Ban san... asalinsa ba. Wa zan tambaya? Ina zan aika?"

Hajiya Karimatu, mahaifiyarta, ta karɓe zancen. "Ke ma dai Mufeeda. Ga Affan, ɗan aminin babanki, mun san kakansa mun san kakarsa, yana aikinsa a Aldwych, tsakiyar London. Sai ki kwaso mana wanda zai riƙa ce wa surukarsa 'ka zo'?"

Affan ba mugu ba ne, a gaskiya. Mutum ne da ya saba idan ya so abu ya danna waya a kawo masa. Da ya ji akwai wani a gabansa sai ya yi abin da masu jin tsoro ke yi. Ya zo gaida Alhaji, ana shan shayi ya jefa maganar kamar ba komai.

"Ai kuwa na ga mutumin naku a Croydon, a layin ofishin immigration. Ban ce komai ba fa. Amma Baba ka san yadda yaran nan suke idan visa ta kusa expire."

Mufeeda haihuwar London ce, kowa a ɗakin ya san abin da aurenta zai iya ba mutum. Alhaji ya juyo ya dube ta, kuma abin da ta gani a idonsa tsoro ne, ba fushi ba.

"Ki ɗauko mini jirgina," ya ce. "Kada ki sake komawa wurin nan."

Da ta yi shiru ta jira ta ga Mashud ido da ido, da abin bai kai inda ya kai ba. Amma Mufeeda ce. Tana hawa bene ta rubuta:

"Me ka je yi ofishin immigration? Ka gaya mini gaskiya, don Allah. Saboda takarda ne?"

Amsar ta jima kafin ta zo.

"Kyaftin, duk Asabar ɗin nan da muka yi, wannan ne ka gani a wurina? Zan bar jirgin a kan tebur an naɗe. Saura shafi ɗaya. Ka yi shi inda ba ƙura."

Ta kira, bai ɗauka ba. Ta je ta ɗauko jirgin ranar da ta san yana bakin aiki, ta dawo da shi a bas tana kuka, wata tsohuwa tana miƙa mata tishu.

Makonni suka wuce ba saƙo. Iyayen Affan suka sa ranar zuwa gaisuwa, irin gaisuwar da kowa ya san ba gaisuwa ba ce. Mufeeda ba ta ce to ba, ba ta ce a'a ba, ta dai rame. A safiyar ranar ta ce wa kanta aƙalla ta cika wa Baba alkawari ɗaya. Ta shimfiɗa jarida a kan teburin falo, inda ya fi ɗumi a gidan, ta shafa wa jirgin varnish na ƙarshe. Ya yi kyau ƙwarai, yana ɗaukar ido kamar an tsamo shi daga ruwa. Ta ɗora shi a kan kanta kusa da taga, ta hau sama yin wanka.

To, Hajiya Karimatu ba a yi baƙon da zai shigo mata gida ya ji warin fenti ba. Ta shaƙa sau ɗaya ta ce, "Innalillahi, yau kuma?" Ta hau kujera ta sa wa na'urar gano hayaƙi safa kamar yadda ta saba, ta rufe tagogi saboda sanyi, ta hura garwashi a kasko. Ta zuba turaren wutar da aka aiko mata daga Maiduguri, ta ƙara, ta sake ƙarawa. Wuri mafi kyau da za a ajiye kasko a falon nan, kowa ya sani, shi ne kan kantar nan ta kusa da taga.

Sai da baƙi suka zauna, aka gaisa, aka kawo lemo, sannan Alhaji ya ce a miƙo masa jirginsa ya nuna wa amininsa. Mufeeda ta je ɗaukowa. Ta tsaya.

Sheƙin ya tafi. Hayaƙin ya kwanta a kan ɗanyen varnish ya mai da shi dusu-dusu, toka ta manne a ko'ina kamar an barbaɗa gari. A goshin jirgin, ɓangaren da ya fuskanci kaskon, sunan Zinatu ya nutse a ƙarƙashin wani ruwan ƙasa mai kauri, da ƙyar ake ganin inuwarsa.

Hajiya ta dafe ƙirji. "Na shiga uku. Wallahi ban sani ba, Alhaji. Bari in goge..."

"Kada ki taɓa, Mama!"

Alhaji ya kafe jirgin da ido, leɓensa na rawa, numfashinsa ya fara fita da sauri. Mufeeda ta san wannan numfashin, shi ya riga faɗuwarsa ta farko. Ta durƙusa gabansa ta riƙe hannunsa mai lafiya.

Affan ya zaro waya, da niyyar alheri. "Baba kada ka damu. Yanzu zan yi maka order ɗin wani, wanda ma ya fi wannan. Akwai masu remote."

Alhaji ya ɗago ya dube shi. Kallon bai daɗe ba, amma mahaifin Affan ya gane, ya ce to su za su koma, Allah ya ƙara sauƙi.

Bayan ta ba Baba maganinsa ta ga numfashin ya daidaita, Mufeeda ta shiga kicin ta ɗauki hoton jirgin ta tura.

"Na ɓata shi. Na ɓata komai. Ba ni da bakin roƙonka, amma sunan kakata ne a ƙarƙashi."

Wannan karon amsar ba ta jima ba.

"Kada kowa ya goge. Ka bar shi ya bushe ya yi tauri. Zan zo, idan Baba ya yarda in shigo."

Ta kai wa Baba wayar. Ya karanta, ya mayar mata, ya rufe ido. Ta ɗauka ya ƙi. Can ya ce, "Ya zo."

Ranar da ya zo, Mashud bai kalli Mufeeda ba, abin ya yi mata ciwo kuma ta san ta cancanta. Ya durƙusa ya gaida Alhaji, ya gaida Hajiya da ke raɓe a bakin ƙofa kamar mai laifi a kotu. Ya juya jirgin a hannunsa a hankali.

"Gefe da ciki ba matsala, Baba. Akwai shafi da yawa a ƙasa, a goge na sama a sake. Wurin sunan ne. Abin da ke tsakanin hayaƙin da tawada bai kai fatar albasa ba. Idan samfefa ya wuce, rubutun ya tafi."

"Tafi da shi... ka yi."

"A'a, Baba. Nan za a yi. Kuma kai za ka yi."

Hajiya ta ce, "Kai yaro, ba ka ga hannunsa ba ne?"

"Na ga ɗayan, Mama."

Mufeeda ta ji kamar ta ja shi waje. Idan rubutun ya goge a hannun Baba, wa ya san abin da zai same shi? Amma Mashud ya riga ya jawo ƙaramin tebur, ya kawo ruwa a kwano, ya yanko samfefa mai laushi kamar ganye ya jiƙa ta. Ya naɗa ta a yatsan Alhaji na hagu.

"Kai ka san inda alƙalaminka ya bi. Ni zan riƙe jirgin, ba zai motsa ba. Kada ka danna, ka bar ruwa ya yi aikin."

Alhaji ya daɗe yana kallon yatsansa. Sannan ya ɗora.

Ba abin da ake ji a falon sai ɗan sautin gogewa. Yatsan yana karkarwa, yana zamewa gefe, yana dawowa. Sau biyu Mufeeda ta miƙa hannu za ta taimaka, sau biyu Mashud ya girgiza mata kai ba tare da ya ɗago ba. Ruwan ya koma launin shayi. Mashud ya share da tsumma, a sake. Gumi ya tsatso a goshin Alhaji cikin wannan sanyin.

Harafin farko ya fito, baƙi ƙirin. Hajiya ta fara salati ƙasa-ƙasa. Na biyu ya fito. A wajen na ƙarshe hannun ya gaji, ya danna fiye da kima, wutsiyar harafin ta dushe.

"Tsaya, Baba!"

Mufeeda ta toshe baki. Alhaji ya duƙa yana kallon wurin. Sunan yana nan, ana karanta shi sarai, sai dai ƙarshensa ya yi haske kamar an ja alƙalami tawada na ƙarewa. Kowa yana jiran ya ga abin da zai faru.

Sai ya yi dariya. Wata irin dariya ce mai haɗe da hawaye, rabin bakinsa ne kawai ke yin ta, kuma rabon gidan da jin ta tun kafin ciwon.

"A bar shi haka," ya ce. "Ni na yi."

Ya jingina yana mai da numfashi. Can ya dubi Mashud, ba kwana-kwana.

"Me ka je yi... ofishin nan?"

"Gwaggona Hamdatu na raka, Baba, ba ya jin Turanci sosai. Ni zamana a ƙasar nan ya daɗe da daidaita. Idan ka na so ka gani zan kawo."

"Me ya hana ka faɗa?"

Sai a lokacin Mashud ya dubi Mufeeda. "Da kai ka tambaya, Baba, da na amsa tun ranar. Haƙƙinka ne. Mufeeda ne ban zaci zai tambaya ba."

Mufeeda ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan jaridar. "Ka yafe mini," ta ce, a gaban iyayenta, ba ta damu ba.

Sai da Mashud zai tafi, a bakin ƙofa, ya ce a hankali, "Kyaftin, Asabar ka share falon. Kuma ka ɓoye kaskon Mama."

Sauran aikin ya ɗauki Asabar da yawa, domin Alhaji ya ce shi zai yi kowane shafi, kuma Mashud bai taɓa karɓe masa buroshi ba ko da varnish ya zuba a gefe. Suna jiran bushewa suna hira. Alhaji yana ba da labarin fito a kogin Kwara, kalma na maƙale masa, Mashud yana jira har ta fito. Shi kuma ya ba da labarin Zango, da kakansa mai fataucin goro, da limamin unguwarsu da ya yi masa saukar karatu. Wata rana Alhaji ya ce a ba shi lambar limamin. Ya kira da kansa, ya rufe ƙofa.

Da bazara ta shigo suka kai jirgin wani tafki a lambun unguwa. Alhaji ya sa shi a ruwa da hannun hagu. Jirgin ya tafi a miƙe, ruwan na zamewa daga jikinsa ɗigo-ɗigo, ko kaɗan bai shiga ba. Alhaji ya bi shi da ido har tsakiyar tafkin, sannan ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Mashud. Ka turo manyanka."

Hajiya ce ta fi kowa rawar ƙafa a bikin, ita da Gwaggo Hamdatu suka raba kicin, tuwo a wannan gefe, waakye, shinkafa da wake irin na Ghana, a wancan, suna gardama suna dariya. Affan ya aiko da saƙon fatan alheri, aka amsa masa da mutunci.

Ranar ɗaurin aure an shirya wani aminin Alhaji ya yi waliyyi, saboda kowa ya san yadda magana ke yi masa nauyi a cikin taro. Mufeeda tana gida cikin ƙawaye, lalle a hannu, waya a cinya, ta kasa cin komai. Bayan sallar Juma'a wayar ta yi motsi.

"Kyaftin, an ɗaura. Baba bai bar kowa ya yi ba. Ya miƙe da sandarshi, ya ce shi zai ba da ɗiyarshi da bakinshi. Ya daɗe kafin ya gama, masallaci duka ya jira shi. Ya ce: na ba ɗana Mashud. Ban iya riƙe hawaye ba, gaban mutane paa."

Ta karanta wa Hajiya da ƙarfi, muryarta ta karye a tsakiya. Guɗa ta tashi a ƙaramin gidan har maƙwabta suka leƙo.

Da maza suka dawo, ta durƙusa gaban mahaifinta. Ya ɗora hannu a kanta, ya ɗauki lokacinsa, ba wanda ya ƙarasa masa.

"Allah ya yi muku albarka. Ya ba ku haƙuri da juna. Na yarda da shi, Mufeeda. Ki je."

Ɗakin duka ya amsa da amin.